Rumbun Malam Sada

Ni ce na buga takardar korar Malam Sada da yatsun nan nawa, don haka kada wani ya zo yana gaya mani yadda abin ya faru. Sunana Murja. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga takardu a cibiyar koyon kwamfuta da ƙungiyar 'yan asalin gari ta gina mana a Kusada. A gabana ya shigo wurin nan, a gabana aka fitar da shi.

Mutumin Yashe ne, ɗan manoma. Siriri ne, baƙi, ba ya da yawan magana, in ma ya yi sai ka matsa kusa kafin ka ji. Da gyaran rediyo ya fara a kasuwar Kankiya, ya koma gyaran waya, daga nan ya faɗa wa kwamfuta. Ba wata babbar makaranta ya yi ba, sakandare ce sai karatun da ya yi ta yi a waya har idonsa ya soma ba shi matsala. Matarsa Kamila, ɗiyansu huɗu. Lokacin da aka kawo mana kwamfutoci arba'in na kyauta, tsofaffi da wasu suka gama cin moriyarsu a birni, shi aka kira ya tada su. Aka ce mashi aikin wucin gadi ne, takardar ɗaukar aiki na dindindin tana nan tafe. Shekara tara tana tafe. Duk ƙarshen shekara sai ya leƙo teburina ya ce, "Murja, ba a ba ki wani abu ki buga mani ba?" Ni kuma in ce tukuna. Abin da bawan Allahn nan yake so a duniya bai wuce takardar nan ɗaya ba, ya kai wa Kamila ta gani, a san shi ma ma'aikaci ne.

Bari in bayyana aikinsa yadda shi ya bayyana mani, don ba a fahimtar zaluncin sai an fahimci aikin.

Yaran da ke zuwa mana daga Dudunni da Yashe da cikin gari, da yawansu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Kafin zango ya ƙare sun dagula komai. Don haka duk hutu Malam Sada yake goge kwamfutocin tas, ya zuba masu babbar manhaja sabuwa, irin wadda ake samu kyauta. To sabuwar manhaja ba ta zuwa a kammale. Da zarar an zuba ta sai ta nemi gyare-gyaren da masu ita suka fitar daga baya, kuma daga intanet take jawo su. Kwamfuta arba'in, kowace ta jawo abu iri ɗaya da kanta, a kan sabis ɗin da in za ka tura hoto sai ka fita tsakar gida ka ɗaga waya sama. Shekarar farko mako uku ya yi yana fama, bai gama ba har yara suka dawo.

Shi ne ya haɗa abin da yake kira rumbu. Ya ce a littafi madubi ake ce mashi, amma shi rumbu ya fi kwanta mashi. Wata matacciyar kwamfuta ce ya tayar, ba ta da allo, murfin gefe ɗaya ya ɓace, ya ɗaure ta da robar tayar babur. A ƙarƙashin teburina take zaune, tana hura mani zafi a ƙafa. Duk Alhamis sai ya hau babur ya tafi Kankiya, shagon abokinsa Ɗalha da ke gindin ƙarfen sabis, ya zauna ya kwaso duk sababbin gyare-gyare sau ɗaya tak a cikin wani faifan ajiya da ya saya da kansa. Ya dawo ya juye a rumbu. Sannan duk kwamfutar da ya zuba wa manhaja sai ya canza mata layi ɗaya a ciki, ya ce mata kada ta wahalar da kanta zuwa duniya, ta ɗauka a nan gida. Aikin mako uku ya koma daga hantsi zuwa la'asar.

Ba wanda ya taɓa ce mashi sannu a kan wannan. Kwamfutoci suna aiki, shi ke nan, kowa ya ɗauka haka Allah ya halicce su.

Shugaban kwamitin cibiyar Alhaji Dabo ne, tsohon ma'aikacin mulki da ya yi ritaya. Mutum ne mai son a ce ranka ya daɗe, kuma ban taɓa ganin ya taɓa kwamfuta ba sai dai ya ɗora hularsa a kai. A damunar bara ya tara mu ya ce masu duba cibiyoyi za su zo ranar Asabar ta sama, in mun ci za a riƙa rubuta jarrabawa ta kwamfuta a wurinmu, yaranmu su huta da zuwa Katsina. Cikin sharuɗɗan akwai cewa dole cibiya ta kasance da ma'aikacin kwamfuta na dindindin.

Wallahi ranar har guɗa na kusa yi. Kowa ya yi wa Malam Sada barka. Shi kuwa sai murmushi yake yana sunkuyar da kai. Ya je ya ba da ɗinkin sabuwar shadda ruwan toka saboda ranar.

Kwana biyu bayan haka sai ga Abdullatif, ɗan ƙanwar Alhaji, ya gama jami'a yana zaman gida. Aka ce ya zo taimakawa ne. Yaro ne mai tsabta, turare har bakin ƙofa, kuma kada in yi mashi ƙarya, ya san kwamfuta. Malam Sada ya karɓe shi hannu biyu, yana ce mashi Injiniya.

In baƙi za su zo, kun san yadda muke. A yi fenti, a share, duk abin da ya tsufa a ɓoye shi. Ranar Alhamis aka yi wannan sharar, daidai lokacin Malam Sada yana Kankiya. Kafin ya tafi ya riga ya zuba wa kwamfutocin arba'in sabuwar manhaja, saura ya dawo da gyare-gyaren su ɗauka. Abdullatif ya leƙa ƙarƙashin teburina ya yatsina fuska.

"Wannan tarkacen fa?"

Na ce, "Rumbun Malam Sada ne. Ka bari ya dawo."

Ya ce, "Hajiya, ki ji da takardunki." Ya zare wayoyin, ya kira Gajere maigadi ya ɗauke shi ya kai sito wurin karyayyun kujeru. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne na farko cikin waɗanda nake jin kunyarsu.

Daga nan ya ce bari ya nuna wa kawunsa aiki. Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya ce su sabunta kansu. Duk arba'in suka ƙi, kowace ta cika allo da rubutun cewa ba ta sami inda aka aike ta ba. Ya zauna ya yi ta bincike har ya gano layin nan da Malam Sada yake canzawa. Ina kallon fuskarsa lokacin. Ya gane, na rantse da Allah ya gane abin da aka yi da dalilin yin sa, don har kai ya gyaɗa. Sai ya miƙe ya shiga ofishin Alhaji, bai ko rufe ƙofa ba.

"Kawu, akwai matsala. Mutumin nan ya ɗaure kwamfutocin nan. Ya hana su zuwa intanet, ba sa karɓar komai sai ta hannunsa. Duk ranar da ba ya nan, cibiyar nan ta mutu."

Bayan azahar Malam Sada ya iso, ƙafafun wandonsa duk laka. Ya tarar da 'yan kwamiti biyar a zaune a babban ɗaki, ɗalibai sun cika tagogi. Ko ruwa ba a bari ya sha ba.

Alhaji ya ce, "Sada, tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka sa na'urorin nan ba sa ɗaukar komai sai daga akwatinka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Dalili kuwa shi ne sabis ɗin..."

"Ban tambaye ka dalili ba. Jama'a kun ji, da bakinsa ya amsa."

Wani dattijo cikin kwamitin, manomi ne mutumin kirki wanda ko waya sai an danna mashi, ya riƙe baki yana salati. A garin nan an san labarin mai ɗaure wa abokin gaba kasuwa, an san na mai ɗaure ruwan sama don ya shanya kayansa. Wanda ya taso da jin wannan, me zai yi mashi wuya ya yarda an ɗaure kwamfuta? Abdullatif bai ce asiri ba ne, amma da dattijon ya tambaya ko da sa hannu a ciki, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa.

Alhaji ya ce a buɗe jakarsa. Gajere ya zazzage ta a kan tebur a gaban yaran da Malam Sada ya koya wa kunna kwamfuta. Faifan ajiya, sukudireba biyu, ƙullin dafaffiyar gyaɗa da bai samu ya ci ba, da kwalbar maganin tari ta ƙaramar ɗiyarsa. Gyaɗar ta watse a ƙasa, yara suka kwashe da dariya. Alhaji ya ɗaga faifan da yatsu biyu.

"Wato duk Alhamis da kayan cibiya kake fita."

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na saye shi."

"Abin da ke ciki fa, na gidanku ne?"

Ya duƙa yana tsince gyaɗarsa. Aka ce ya tafi gida sai an neme shi. Kafin magariba labari ya gama gari, a bakin famfo na ji wata tana rantsuwa wai an tono laya a cikin akwatin.

Washegari Juma'a Abdullatif ya mayar da kwamfutocin kan intanet. Tun safe ake abu ɗaya. Har aka sauko daga masallaci uku ma ba su gama ba, ga baƙi gobe. Alhaji ya rasa inda zai sa kansa, sai ya tura Gajere Yashe a kan babur da saƙo: ya zo ya kwance abin da ya ɗaure.

Ya zo. Da kansa ya shiga sito ya ciro rumbun daga ƙarƙashin kujeru, ya hure shi, ya jona wayoyi, ya juye abin da ya kwaso daga Kankiya, ya mayar wa kowace kwamfuta layinta. Alhaji ya ce duk abin da zai taɓa ya faɗa da ƙarfi Abdullatif ya rubuta. Malam Sada ya yi ta bayani dalla-dalla, har da inda shi ya taɓa yin kuskure a baya don kada yaron ya maimaita. Yana jin daɗi fa. A tunaninsa yanzu za su ga amfanin abin su ba shi haƙuri. Kafin rana ta faɗi duk arba'in sun gama, suna ta ƙyalli.

Alhaji ya waiwayi 'yan kwamiti ya ce, "Kun gani ko? Yini guda mai digiri yana fama sun ƙi. Shi yana taɓawa suka bi. Wace shaida kuma ake nema?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ta Malam Sada a ranar. Ni kuma ina zaune da duk bayanin a cikina, shekara takwas rumbun yana gasa mani ƙafa, na san shi kamar tukunyar ɗakina. Na tuna ni ma takardata a hannun Alhaji take, ga marayu uku a gida. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur.

Ranar Asabar baƙi suka zo da mota fara. An cire cikin rumbun an sa shi a sabon akwati baƙi mai fitila shuɗiya, an ɗora a kan tebur da ƙyalle mai fure. Abdullatif ya tsaya a gefensa da littafinsa na jiya ya yi masu bayani da Turanci. Babban cikinsu ya yi ta gyaɗa kai, ya ce cibiyoyin birni ma ba su yi wannan dabarar ba, ya ɗauki hoto da shi. An gaya wa Malam Sada kada ya shigo. Ta taga na hango shi a tsallaken titi gindin dalbejiya, sanye da sabuwar shaddarsa, har motar ta tashi.

Litinin Alhaji ya ba ni takardu biyu in buga. Ta farko ta ɗaukar Abdullatif aiki na dindindin. Ta biyu ta sallamar Sada Rabe saboda zagon ƙasa da cin amanar cibiya. A rubutun hannun Alhaji an rubuta sunan uban Malam Sada ba daidai ba, na gyara. Iyakar jarumtar da na yi ke nan, ku tofa mani yawu in kun ga dama.

Da kora kaɗai aka tsaya da sauƙi. Wa zai ba mai ɗaure na'ura wayarsa? Mutanen da shekara da shekaru yake gyara masu waya, wani lokaci ko sisi ba ya karɓa, suka koma tsallake shi. Wata mata ta kawo tata wayar wurina tana tambaya ko akwai yadda za a duba a gani, don shi ya taɓa canza mata gilashi kuma tun daga nan take cin caji. Ɗalha na Kankiya ma ya kira shi gefe ya ce ya ɗan rage zuwa shagon, masu kawo gyara suna magana. A makarantar allo yara suka sa wa babban ɗansa suna ɗan mai ɗauri. Kamila ta daina zuwa biki. Shi kuwa ya koma gonar ubansa a Yashe, mutumin da idonsa ba ya ko ganin ciyawa sosai.

Wata uku aka yi. Hutu ya zo, Abdullatif ya goge kwamfutoci ya zuba sabuwar manhaja kamar yadda littafinsa ya ce. Abin da littafin bai yi mashi ba shi ne hawa babur zuwa Kankiya duk Alhamis. Ko sau ɗaya bai je ba. Rumbu ya tsufa, abin da ke ciki bai dace da sabuwar manhajar ba, komai ya cakuɗe. Ga shi masu duba sun amince da cibiyarmu, jarrabawa saura kwana goma, yara wajen ɗari biyu sun yi rajista.

Ni Alhaji ya aika, wai ni ce muke shiri da shi.

Na same shi a gona yana cirar gyaɗa, ya ƙara ramewa, wuyansa kamar na zakara. Muka gaisa. Na faɗa mashi saƙon yadda aka ba ni: ya zo ranar Lahadi da babu kowa, ta ƙofar baya, ya gyara, kada ya gaya wa kowa. Sannan na ƙara nawa. Na ce, "Malam, don girman Allah kada ka je. Ka bar su su ji a jikinsu."

Ya kakkaɓe ƙasa daga hannunsa ya ce, "Wace manhajar ya zuba, ta bana ko ta bara?"

Na ce ban sani ba, kuma ba wannan na zo mu tattauna ba.

"Alhaji ya ce wani abu a kan takardar?"

"Bai ce komai ba."

Ya duƙa ya ci gaba da cirar gyaɗarsa. Can ya ce, "Yaran ba su yi mani komai ba, Murja. Zan roƙi Ɗalha ya bar ni in zauna ta bayan shago."

Haushinsa ya kama ni har na tafi ban yi mashi sallama ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya zo. Gajere ya caje jakarsa a ƙofar baya, ya ja kujera ya zauna kusa da shi, don an ce kada a ɗauke ido daga hannunsa. Abdullatif bai zo ba, wai yana da ɗaurin aure a Katsina. Ni aka sa in buɗe ɗaki in rufe. Tun kafin Malam Sada ya iso Alhaji ya biyo ya ba ni wata takarda in buga, ya ce gobe a manna a bakin ƙofa, don ya ji ana raɗe-raɗin wai cibiya ba ta iya aiki sai da Sada. Sanarwa ce da hotonsa a sama, cewa wannan mutumin ba ma'aikacinmu ba ne, duk wanda ya gan shi a harabar cibiya ya sanar da maigadi. Na buga, na kifa ta a cikin aljihun tebur.

Da la'asar ya gama. Ya bi layi yana kashe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, yana gyara wa kowace zaman linzaminta. Gajere ya sake caje jakar, ya cire faifan ya ce an ce wannan ya zauna nan. Malam Sada bai yi musu ba. Ya rataya jakarsa ya zo gaban teburina, ya rage murya don kada Gajere ya ji.

"Murja, yanzu da suka ga na zo ban ƙi ba, kina ganin baɗi za su duba maganata?"

Hannuna yana kan aljihun teburin. Na ce, "Allah ya sa, Malam."

Ya ce amin, ya yi mani godiya. An hana shi tada babur kusa da cibiya don kada maƙwabta su ji, sai ya tura shi da hannu har ya sha kwana. Da safe Gajere ya zo ya karɓi sanarwar, ya tambaye ni ko ina da gam.